Abincin Sinawa a Kaduna: abin da ya ci kuɗinsa a teburin mutum biyu

Gidan abincin da muke magana a kai yana arewacin kogin Kaduna, cikin unguwannin GRA. Gidan zama ne aka mayar wurin cin abinci, da harabar ajiye mota da ɗan wurin salla a gefe. Takardar abincinsu kashi biyu ce: gaba su jalof da farfesu, baya kuma abin da 'yan Kaduna ke ce wa Chainis. Wannan na bayan shi za mu duba, kuma lissafin na mutum biyu ne, kai da abokinka, masu ci daidai wa daida.

Tun daga oda ake fara asara. Wanda ya saba da gidan tuwo zai ce kowa ya zaɓi kwanonsa, alhali abincin Sinawa a tsakiya ake ajiye shi, kowa ya ɗiba. Kuɗin da ka gani a gefen naman sa da koren tattasai na naman ne tsuransa, shinkafa daban ake saya. Farantin shinkafa ɗaya a nan yana isar mutum biyu idan akwai taliya a teburin. Don haka shinkafa ɗaya, taliya ɗaya, nama ɗaya, awara ko ganye ɗaya, sai romo ƙaramin kwano kowa. Duk abin da ya haura haka a leda zai bi ku gida.

Kafin komai a yi tambayar halal, kuma a yi ta dalla-dalla. Babu naman alade a takardar gidan nan, amma ba nan maganar ta tsaya ba. A girkin Sinawa na asali akwai giyar shinkafa ta Shawshin da ake jiƙa nama da ita don kashe ƙarni, cokali ɗaya ko biyu, ba kuma za ka gan ta a rubuce ba. Mai kawo abinci galibi bai san da ita ba, sai ka ce masa: “Ɗan'uwa, don Allah tambayo mana mai girki, yana sa giyar girki a nama ko a miya?” Amsar gidan nan ita ce ba sa sawa, ruwan citta da ɗan binega ne a madadinta. Wannan ba rage daraja ba ne, don a ƙasar Sin ma Musulmin ƙabilar Hui suna da nasu girkin na halal, kuma taliyar romon naman sa ta birnin Lanjo, wadda ta zagaye ƙasar, daga hannunsu ta fito.

Soyayyiyar shinkafa ita ce ma'aunin mai girki, kuma a nan gidan ya fi nuna kansa. Kada ka sa ran irin tamu ta biki mai kori da tayim da hanta. Tasu fara-fara ce, ƙwai ne da lawashi da ɗan karas da soya sos (baƙin ruwan waken suya mai gishiri), sauran aikin na wuta ne. Ana dafa shinkafar tun jiya, a baza ta ta huce, ta kwana a firij. Sanyin yana sa ƙwayar ta yi ƙarfi, bayanta ya bushe, shi ya sa ba ta caɓewa a kasko. Kaskon nasu, wok, na ƙarfe ne mai zurfi, ana barinsa a wuta har ya fara hayaƙi kafin a zuba mai. Ƙwai ne ke fara shiga, sai shinkafa, ana jefa ta sama ana tarewa, a zuba soya sos ta gefen kasko don ya ɗan ƙone kafin ya taɓa shinkafar, lawashi a ƙarshe. Duka-duka minti uku ne. Mutanen Kanton, a kudancin ƙasar Sin, suna kiran ƙamshin da ke fitowa numfashin kasko, wanda ya taɓa jin bambancin tsiren da aka sauke yanzu da wanda aka ɗumama zai gane shi nan take. Da rana a ranakun aiki, tsakanin azahar da la'asar, shinkafar gidan nan tana da wannan ƙamshi, ƙwaya-ƙwaya, mai bai kwanta a gindin faranti ba. Daren Asabar kuwa sai a hankali. Oda ta yi yawa, mai girki ya haɗa faranti uku ko huɗu a kasko ɗaya, zafin ƙarfen ya faɗi, ruwan jikin shinkafar ya rasa hanyar fita, suya ta koma turara. Abin da zai iso gabanka dunƙule-dunƙule ne, an kuma ƙara mai don a raba shi. Kuɗin ɗaya ne, abincin ba ɗaya ba.

Naman sa da koren tattasai shi ma ya ci kuɗinsa. Kowa ya san naman shanunmu, dabbar da ta yi tafiyar ƙasa ba a soya ta minti biyu ta tauno, amma wannan yana tsinkewa da gefen cokali. Sirrin a shiri yake. Ana yanka naman a gicciye, ba a bin tsawon zarensa, falle-falle kaurin milimita 2 zuwa 3. Sai a murza masa bekin soda, kamar rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo, a bar shi minti 20 zuwa 30 a wanke. Aikin da kanwa ke yi wa wake ke nan. Bayan haka a cuɗe shi da garin sitacin masara da soya sos da ɗan mai, sitacin ya zame masa riga da ke tsare ruwan jikinsa. Idan sodar ta yi yawa naman yakan yi santsi kamar roba, da ɗanɗanon sabulu a ƙarshen harshe. Na gidan nan bai kai can ba. Cittar ma ɗanya ce mai yaji sosai, abin da bai kamata ya gagari kowane gidan abinci ba a jihar da ke da Kachia, garin noman citta. A farantin ƙarfe mai zafi ake kawo shi yana ƙara, abin sha'awa, sai dai ƙarfen yana ci gaba da dafa naman. Ku kwashe shi kan shinkafa da zarar ƙarar ta lafa. Miyar kuma da sitaci aka ɗaure ta, idan ta huce sai ta koma kamar kokon da ya sha iska.

Awara ce ta fi ban dariya, don Bahaushe zai ga sunan tofu a takarda ya ɗauka baƙon abu ne, sai ga awararsa ta bakin makaranta. Waken suya ne duka, bambancin a tsinkawa yake. Tamu da ruwan tsami ake tsinka madarar, a matse ta sosai don ta jure suya. Sinawa sukan yi amfani da garin jifsam, wani farin ma'adini, su samu mai laushi da ke rawa a cokali. Abincin da aka rubuta a nan da sunan Sicuwan, wani lardi na ƙasar Sin, awara mai laushin yake buƙata, amma ta gida suka sa, mai ƙarfi da ɗan tsami-tsami, ba ta narkewa a baki. Barkonon Sicuwan ma babu. Shi ba zafi yake yi ba, leɓe yake kashewa ya bar shi yana tsuwa, kuma ɗan'uwan fasaƙwarinmu ne, dangi ɗaya suke. Attarugu aka zuba a madadinsa. Da daɗinta a kan farar shinkafa, amma awara ce da miyar attarugu, a kuɗin da zai sayi tire guda a Kawo.

A taliya, ɗauki ta alkama da ƙwai wadda suke kira cawmin. Ta gaske ce, ba sufageti aka yi wa wayo ba, an tsame ta da sauran ƙarfinta kafin a soya, kabejin ciki ma yana ƙaras-ƙaras. Siririyar taliyar shinkafa mai kori da ake ce wa ta Singafo (a Hongkong aka ƙirƙiro ta, sunan ne kawai na Singafo) ba ta samu hannu ba. Jiƙa ta ake yi a ruwan ɗumi, ba a tafasa ta. A nan ta sha ruwa fiye da kima, sai ta kakkarye a kasko ta manne.

Jatan lande kuwa ka tsallake shi. Shi ya fi komai tsada, Kaduna ba bakin teku ba ce, a daskare yake zuwa, kuma duk ɗauke wutar da ta sa ya saki ya sake daskarewa tana fasa tsokarsa. Alamar ita ce ya yi luguf maimakon ya yi tsam a haƙori. Kaza mai zaƙi da tsami ta yara ce, sukari da kecaf sun danne abarbar. Idan dole ne, ka ce a kawo miyar a gefe don kada ɓawon kazar ya jiƙe. Sifirin rol, wato soyayyen naɗin fulawa mai haɗi a ciki, ya sha mai, alamar an jefa shi tun mai bai kai zafin digiri 175 ba.

Romon yaji da tsami ya fi su duka gaskiya. Zafinsa na farin masoro ne, wanda ke kama maƙogwaro da hanci, tsaminsa na binega ne da aka zuba bayan an sauke, don tafasa tana korar shi. Ƙwan ciki zare-zare yake, wato an tsiyaya shi a hankali bayan romon ya ɗaure. A sanyin hunturu, ƙaramin kwano ɗaya ya fi maganin mura daɗin sha.

Za ku tashi da ƙishirwa, kuma farin magi ake ɗora wa laifin, amma babban mai laifi gishirin soya sos ne. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da wajen miligiram 900 na sodiyam, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai 2,000 a yini. Idan abokinka na fama da hawan jini, ku ce a rage sos a shinkafa da taliya, don su nan take ake soya su. Miyar da aka riga aka haɗa tun safe ba ta raguwa. Kada kuma a ƙara daga kwalbar da ke kan tebur.

Jira yakan kai minti 20 zuwa 25. Abincin ɗaya bayan ɗaya yake fitowa, yadda kasko ya ba da dama, don haka ka ce tun farko a haɗo shinkafa da nama lokaci guda, in ba haka ba naman zai huce yana jiranta. Cokali da cokali mai yatsu suke ajiyewa, tsinkayen cin abinci sai ka nema, babu kuma wanda zai kalle ka don ba ka nema ba. A takardar biya ana ƙara harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da kuɗin hidima, ba sa cikin farashin da ka gani, sai ka ware musu wani abu. Suna karɓar kati da tiransifa.

Ragowar shinkafa idan an ƙulle muku, ta shiga firij cikin awa biyu. Ta riga ta sha dahuwa da sanyaya da suya, kuma akwai ƙwayar cutar da ke yaɗuwa a dafaffiyar shinkafar da aka bari a ɗumi, gubarta ba ta mutuwa da ɗumame. Idan unguwarku ba wuta, ku cinye ta a daren ko ku ba maigadi tun da zafinta.