Hattara da mai tallan kyamarar 4x5 da ya ce za ta ɗauki lensin milimita 720

Salamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto da babbar kyamarar fim. Akwai wani mutum da ke yawo a shafukan saye da sayarwa na intanet, yana canza suna kamar yadda ake canza riga, yana tallan kyamarar katako mai naɗewa, girman 4x5 (mai ɗaukar fim na inci 4 da inci 5), wai an ƙera ta musamman don dogayen lensi. Ni ya yi mini sakiyar da ba ruwa, shi ya sa na ga ya zama dole in faɗa.

Na daɗe da mallakar lensin kamfanin Nikon mai suna Nikkor-T ED, wannan da gabansa ɗaya ne amma ana canza masa baya ya zama milimita 360, ko 500, ko 720. Nikon ta daina ƙera lensin manyan kyamarori tun 2006, saboda haka wanda ya samu sai ya riƙe da kyau. Kyamarata tana ɗaukar 360 lafiya lau, amma na 720 yana kwance cikin akwati, domin zugazuginta bai kai ba. Zugazugi nake kiran wannan baƙar jakar mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke tsakanin lensi da gilashin baya (inda ake duba hoton kafin a ɗauka), kuma duk maganar nan a kanta take. Lensi na yau da kullum yana son a ja zugazugi daidai tsawonsa kafin dutsen da ke can nesa ya fito tas a gilashi: mai 600 yana son kusan 600. Nau'in telefoto kuwa, irin wannan nawa, an ƙera shi don ya rage wannan wahala. Na 360 yana tsayawa wajen milimita 260, na 500 wajen 350, na 720 wajen 470. Wannan fa don abin da ke iya ganin ido ne. Idan kana son bishiyar da ke nisan mita 10 da lensin 720, sai ka ƙara jan sama da milimita 50 a kan haka.

To yawancin kyamarorin katako masu naɗewa ba su kai nan ba. Da yawa suna ƙarewa tsakanin 300 da 400. Ita kanta Linhof Master Technika, duk da sunanta da nauyinta, wajen 430 take tsayawa. Na san wannan sarai. Amma da na ga talla an rubuta zugazugi ya haura 550, ga hotuna masu kyau, ga araha, sai sani ya gudu ya bar ni da kwaɗayi.

Abin da ya kamata ya tashe ni tun farko shi ne yadda yake amsa tambaya. Na ce ya ja kyamarar iya ƙarshenta, ya ajiye rula a gefe daga gilashin baya zuwa allon lensi, ya ɗauko mini hoto. Ya ce ya riga ya naɗe ta cikin kwali, kuma akwai mutum biyu da ke jira. Na tambaye shi wane kamfani ne ya yi ta, ya ce ta mahaifinsa ce da ya rasu, shi bai san kan abin ba. Amma wanda bai san kan abin ba, ya aka yi ya san rubuta 550? Daga nan ya ce mu bar shafin mu koma saƙon waya, in tura kuɗin ta hanyar da ake tura wa dangi da abokai, wai don kada a cire masa kamasho. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. Na tura.

Ba guduwa ya yi da kuɗin ba, kuma a nan wayonsa yake. Kwali ya iso, da lambar bin sawu da komai, yadda ko ƙara ka kai zai ce ai ya aiko. Kyamara ce a ciki, amma ba ta cikin hoton ba. Na ɗora ta kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, na murza har layin dogonta ya ƙare, na sa rula: 330. An haɗo mini da wani allon lensi mai dogon wuya da ke turo lensi gaba kaɗan, kamar dai shi ne zai cike gurbin. Ko da shi ban kusa 470 ba, kuma nauyin lensin sai ya rinjayi gaban kyamarar, tana sunkuyar da kai. Na ɗaura 720 ɗin duk da haka, na shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle, gilashi ba komai sai hazo.

Da dare na kashe fitila, na cire bayan kyamarar, na zura tocila cikin zugazugin. Kusurwoyinsa sai ƙyalli suke kamar taurari, ƙananan ramuka sun fi goma, wasu an liƙe su da baƙin salatif daga ciki. A naɗe ba za ka taɓa gani ba, sai an ja shi sosai suke buɗewa, kuma mai dogon lensi kullum a jaye yake aiki. Na rubuta masa, saƙo ya ƙi shiga. Na bi sawun hotunan tallan ta binciken hoto a intanet, sai ga su a wani tsohon talla na wani mutum daban, an yanke gefen da sunan kamfanin yake.

Mako biyu bayan nan na sake ganin hotunan, da sabon suna da sabon labari: yanzu kyamarar ta kawunsa ce. Ya ƙara da lensi ma, wai Nikkor-T 720, amma gaban kawai ya nuna. Ku tuna gaban nan ɗaya ne ga 360 da 500 da 720, bayan ne ke bambanta su, saboda haka hoton gaba bai tabbatar da komai ba. Haka in ya ce muku kyamarar za ta ɗauki na 800 ko 1200, ku sani waɗannan a kan babbar shata (ƙofar shigar haske) mai suna Copal 3 suke, na 1200 kuma yana son zugazugi sama da milimita 750, aikin babbar kyamara ne mai dogon ƙarfe da abin ɗorawa mai ƙafa uku guda biyu.

Duk wanda ya ci karo da tallan, ya nemi hoto sabo da rula a jikin kyamarar a jaye, da takarda a gefe ɗauke da kwanan watan ranar, da hoton tocila cikin zugazugi a ɗaki mai duhu, kuma kada ya biya a wajen shafin. Na kai rahoton sabon asusun nasa ga masu shafin, amma har lokacin da nake rubuta wannan, tallan yana nan bai sauka ba.