Motar Jan Tirela: Sabuwa Dal ko Wadda Ta Ɗan Taka?

Mai neman a-kori-kura ko jif don jan tirela yakan tambayi ƙarfin inji da nauyin da motar za ta iya ja, daga nan ya shiga ciniki. Akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: yaushe zan fara ɗaura mata kaya? Idan aiki na jiranka mako mai zuwa, amsar nan kaɗai za ta iya canza motar da ya kamata ka biya kuɗinta.

Sabuwar mota ba ta fitowa daga masana'anta a shirye take ta sha wahala, kuma masu ƙera ta da kansu ne suka rubuta haka a littafin da ke zuwa da ita. Ford ta ce kada a ja tirela da F-150 sai ta yi kilomita 1,600. Chevrolet Silverado da Ram kuwa kilomita 800 ne, amma da sharaɗi: bayan ka fara ja, a kilomita 800 na farko da tirela a baya, kada gudunka ya wuce kilomita 80 a awa, kada kuma ka take totur har ƙasa wajen tashi. Toyota ma ta hana ja kafin kilomita 800, ta ƙara da cewa a guji taka birki da ƙarfi a kilomita 300 na farko.

Yawancin mutane suna ɗauka inji kaɗai ake tausaya wa. Gaskiya ne ringin fistan na buƙatar lokaci ya zauna daidai a jikin silinda, domin idan bai zauna ba injin zai riƙa shan baƙin mai har tsufansa. Amma ni inda na fi jin tsoro shi ne aksul ɗin baya, wato sashen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. Haƙoran giyar da ke cikinsa sababbi ne, ba su gama goge juna ba, saboda haka suna ɗaukar zafi fiye da kima ko da motar ba ta ɗauke da komai. Ka ƙara musu nauyin tirela a kan hawa, man da ke ciki ya yi zafi ya rasa kaurinsa, haƙoran su ci juna. Ba a ranar za ka gani ba. Sai an kwana biyu ka fara jin wani kuka daga baya yana ƙaruwa da gudu, kuma ba ya tafiya sai an buɗe aksul.

To, ga zaɓin da ke gabanka.

Sabuwa dal ita ce zaɓina ga duk wanda ke da halin jira. Kai ne za ka lallaɓa ta da hannunka, ka san duk abin da ta gani tun daga kilomita na farko, ga garanti cikakke. Sai dai ka yi lissafi da gaskiya. Idan kilomita 200 kake yi a rana, motar da ke neman 1,600 za ta ci maka kwana takwas ba ta ja komai ba, mai neman 800 kuma kwana huɗu. Kada ka ce za ka hau babbar hanya ka cinye tafiyar a yini biyu a kan gudu ɗaya, don wannan ma littattafan sun hana. Abin da ake so shi ne gudun inji ya riƙa hawa da sauka, yau cikin gari, gobe bayan gari. Barin ta a kunne a tsaye na awowi ba ya shiga lissafi.

Sai motar da dila ya riƙa ba masu saye suna gwadawa. Takan zo da rangwame, kuma sau da yawa ta riga ta haye adadin da ake nema, don haka za ka iya haɗa tirela da wuri. Abin da ke damuna da ita shi ne hannayen da suka tuƙa ta. Mai gwada mota so yake ya ji ƙarfinta, ko inji bai yi ɗumi ba, taka totur zai yi. In za ka ɗauke ta, ka tambayi ranar da garantinta ya fara ƙirga, ka kuma fita da ita ka kashe rediyo ka saurari bayanta.

Ta hannu wadda ta yi shekaru ba ta da wannan jira, sai fa in an sake mata inji ko giyar aksul. Sabon ƙarfe ne, lallaɓawa ta dawo farko.

Batun fetur da dizal ma yana da ruwa a nan. Babban injin dizal ba ya son yawan tausayi. Littafin Ram mai injin dizal ƙirar kamfanin Cummins ya ce injin ba ya buƙatar lokacin lallaɓawa na musamman, har ma ya ce yawo da shi babu kaya yana jinkirta kaiwarsa ga cikakken ƙarfinsa. Duk da haka dokar kilomita 800 kafin ja tana nan, saboda aksul da sauran ƙarafan da ke kai ƙarfi ga tayoyi ba ruwansu da irin man da inji ke sha.

Adadin nan yana bambanta daga shekara zuwa shekara, har a ƙirar mota ɗaya. Saboda haka kafin ka sa hannu, ka ce wa dila ya miƙo maka littafin ainihin motar da za ka ɗauka. Ka buɗe shafin sabuwar mota da shafin jan tirela, ka karanta su biyun, domin sharaɗin gudu yawanci a na biyun yake. Idan ranar aikinka ta riga ranar da motar za ta cika kilomitocinta, ka yi hayar wata ta ja maka wannan kayan, taka kuma ta biyo baya babu komai a ɗaure.