From Hell ko Torso: ga wanda za ka saya

Ɗan'uwa, tunda kuɗinka na littafi ɗaya ne kuma mai nauyin adabi kake nema tsakanin littattafan labarin zane From Hell da Torso, ɗauki From Hell. Duka biyun ina da su, amma ɗaya ne bangonsa ya yi laushi saboda yawan buɗewa.

Alan Moore ne ya rubuta From Hell, Eddie Campbell ya zana. Ya fara fitowa kashi-kashi a 1989, aka haɗa shi littafi guda a 1999, shafi fiye da 500. Labarin matan da aka kashe ne a unguwar Whitechapel ta Landan a 1888, waɗanda ake danganta kisansu da makashin nan da ba a taɓa gano shi ba, wanda ake yi wa laƙabi da Jack the Ripper: Polly Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly, daga 31 ga Agusta zuwa 9 ga Nuwamba. Tun a babukan farko Moore ya nuna maka makashin, wato Sir William Gull, likitan Sarauniya Biktoriya. Da yake an sauke maka nauyin cankar wa ya yi, sai idonka ya koma kan garin da ya bar abin ya faru.

A babi na biyar ne na sallama masa. An jera safiyar Gull da safiyar Polly kusa da kusa. Shi yana farkawa a gado mai laushi, an zana ɗakinsa da taushin hannu, komai fes. Ita kuma a zaune ta kwana a kan benci tare da wasu mata, an tare su da igiya don kada su kife, gari na wayewa aka kwance igiyar. Nata ɓangaren Campbell ya yi shi da karce-karcen alƙalami, baƙi ƙirin. Babu wani mai ba da labari da ya tsaya yi maka huɗuba a kan talauci, zanen ya gama maganar. A tarihi ma, daren da aka kashe Polly an hana ta kwana a masaukinta ne don ba ta da kwabo huɗu na gado.

Akwai wani amini nawa da ke koyar da adabi a sakandare. Ya ga littafin a hannuna ya yi dariya, wai da girmana ina karanta littafin yara. Na buɗe masa babi na huɗu, inda Gull ya sa direban keken dokinsa, John Netley, ya zagaya da shi Landan yini guda, yana yi masa bayanin majami'un da Nicholas Hawksmoor ya gina da hasumiyoyin birnin, yana ƙulla su da yadda maza suka danne mata tun zamanin da. Babin kusan duka magana ce da gine-gine, babu ɗigon jini. Malamin ya tafi da littafin gida. Da ƙyar na karɓo abina, kuma na tarar ya cika gefen shafukan da rubutun fensir. Na bar rubutun, don wasu bayanan nasa sun fi nawa.

Sai dai kada ka ɗauke shi a matsayin tarihi. Zancen da aka gina labarin a kai, cewa jikan sarauniya ya auri wata talaka a ɓoye, aka tura Gull ya rufe bakin matan da suka sani, daga littafin Stephen Knight na 1976 aka ɗauko shi, kuma masana tarihi sun yi watsi da shi. Gull ya haura shekara 70 a lokacin, ga shanyewar jiki da ta taɓa shi a 1887. Moore da kansa bai ce gaskiya ba ce. A ƙarshen littafin akwai dogon sharhi, shafi bayan shafi, yana faɗin abin da ya samo daga takardun bincike da abin da ya ƙirƙira, sannan wani ɗan babi da yake yi wa masu binciken ko wane ne Ripper ba'a, har da shi kansa. Inda nake da ƙorafi shi ne ya bi tsohon zance cewa duka biyar karuwai ne. Hallie Rubenhold, a littafinta The Five na 2019, ta kawo hujjar cewa babu tabbacin haka a kan uku daga cikinsu.

Torso kuwa, na Brian Michael Bendis da Marc Andreyko, ba laifi. Kashe-kashen birnin Cleveland na Amurka ne na 1935 zuwa 1938, gawawwaki aƙalla 12 da aka daddatsa, mafi yawansu ba a ma gano sunansu ba, da shugaban tsaron birnin, Eliot Ness, yana neman makashin har ya ƙona bukkokin marasa galihu a Kingsbury Run. Sun saka hotuna da yankan jaridu na ainihi, hirar 'yan sandan tana da daɗi. Amma fim ɗin 'yan sanda ne a takarda, da ƙarshen da aka ƙera don a yi gudu da faɗa. Sau ɗaya na karanta na ajiye. In ka samu aro, ka ara.

Yanzu maganar saye, ko da ba ka tambaya ba. Masu sayar da littattafai a intanet akwai na Allah, akwai 'yan damfara. Wasu hoton asali suke sakawa su aiko maka da fotokwafi, kuma layukan Campbell sirara ne, injin kwafi yana mayar da su dunƙulen baƙi, rubutun hannun ma ba ya karantuwa. Wasu suna cire sharhin ƙarshe don rage takarda. Wasu kuma kashi ɗaya daga tsofaffin fitowar suke sayarwa da sunan cikakke. Kafin ka tura ko sisi, sa mai shi ya ɗauko maka bidiyo yana buɗe littafin, ya nuna kaurinsa, babi na huɗu, da shafukan sharhin. In ya fara kame-kame, rabu da shi. In kuma farashin ya yi arha ainun ga littafi mai wannan kauri da aka shigo da shi daga waje, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Iri biyu ne a kasuwa: na asali baƙi da fari, da Master Edition wanda Campbell ya sa wa launi daga baya. Ni baƙi da farin nake so, hayaƙin Landan ya fi fitowa a cikinsa. Kada wani ya ce maka fim ɗin 2001 na Johnny Depp ya wadatar, sun mayar da shi wasan cankar makashi, sun zubar da kusan duk abin da na faɗa maka a sama.

Kuma ka nema masa wurin ajiya mai makulli. Akwai tsiraici a ciki, sannan babi na goma, kisan Mary Kelly, an zana shi dalla-dalla ba a kau da kai ba. Kada yara su ga zane su ɗauka nasu ne.