Manhajojin Gano Rubutun Na'ura: Sakamakon Gwajin Wata Guda a Kan Ƙagaggun Labarai

A ƙungiyar marubutan da nake ciki, ni aka ɗora wa nauyin tace gajerun labaran da mambobi ke turowa kafin a haɗa su a littafi guda, kuma shekara da shekaru babbar fargabata ba ta wuce satar fasaha ba. Bana sai aka fara tsegumi cewa wasu labaran ba masu su suka rubuta ba, ƙirƙirarriyar basira ce ta zuba musu, su kuma suka sa sunansu a ƙasa. Shugabanmu ya ba da shawarar a ciri kuɗi daga asusun ƙungiya a yi rajista da ɗaya daga cikin manhajojin intanet da ke ikirarin bambance rubutun mutum da na na'ura. Na roƙi a ba ni wata guda in gwada tukuna. Uku na gwada, kuma ba sai na kama suna ba, domin halinsu ya zo kusan ɗaya a duk inda nake da magana a kai.

Buƙatar irin wannan manhaja gaskiya ce, ba tsoro ne na banza ba. An saki ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubuta wa mutum abin da ya nema, a ranar 30 ga Nuwamban 2022, kuma ba a cika wata uku ba mujallar Clarkesworld ta Amurka, wadda ke buga labaran ƙagen kimiyya tana kuma biyan marubuta gwargwadon yawan kalmominsu, ta rufe karɓar labarai a ranar 20 ga Fabrairun 2023. Editanta Neil Clarke ya ce a cikin watan kaɗai an turo masa labarai fiye da 500 da na'ura ta rubuta, galibi daga mutanen da aka ruɗa a intanet cewa hanya ce ta samun kuɗi a sauƙaƙe. A watan Satumba na shekarar, Amazon ta ƙayyade wa masu buga littattafan kansu a dandalinta sababbin littattafai uku a rana. Wanda ya taɓa rubuta littafi ya san abin da wannan adadi ke nufi.

Ta fuskar sauƙin amfani ba ni da ƙorafi. Za ka kwafo labarin ka liƙa a akwatin da aka tanada, ka danna maɓalli, cikin daƙiƙa kaɗan a ba ka sakamako da kashi-kashi cikin ɗari, a kuma shafa wa jimlolin da ake zargi launi. A waya ma suna aiki, ko da yake sun fi daɗin sha'ani a kwamfuta. Na kyauta yana da iyakar yawan rubutun da yake karɓa, saboda haka dogon labari sai an yanka shi gunduwa-gunduwa, wanda kuma ke son a duba masa littafi sukutum sai ya biya kuɗin wata-wata da dala. Ga ƙungiyar da kuɗin shigarta ke zuwa daga karo-karo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin a yarda da hukuncin alƙali ya kamata a san da me yake auna shaida. GPTZero, wadda Edward Tian ya fitar a Janairun 2023 yana ɗalibi a Jami'ar Princeton, ta yi suna ne da ma'aunai biyu da ya bayyana wa duniya. Na farko yana duba yawan ba-zata a zaɓen kalmomi: idan bayan kowace kalma wadda ta biyo ita ce wadda na'ura za ta yi hasashe, sai a ce rubutun ya yi kama da nata. Na biyu yana duba hawa da saukar jimloli, domin mutum yakan ja doguwar jimla sannan ya sare da gajera, ita kuwa na'ura takan tafi da tsayi kusan bai ɗaya. Manhajojin da suka biyo baya sun ƙara wata dabara, wato a horar da su a kan tarin rubutun mutane da tarin rubutun na'ura har su koyi kamannin kowanne. Ko ta wace hanya aka bi, abin da manhajar ke gani shi ne kamannin rubutu. Ba ta ga hannun da ya rubuta ba, ba ta kuma da wani kundi da take komawa ta tabbatar, saɓanin manhajar gano satar fasaha, wadda za ta nuna maka shafin da aka kwafo ka gani da idonka.

Inda suka burge ni shi ne a kan ɗanyen rubutun Turanci. Na sa na'ura ta rubuta mini labarai masu ɗan tsawo da Turanci, ban taɓa ko waƙafi ba na liƙa, dukkan ukun suka cafke su ba tare da jinkiri ba. Idan matsalar mutum ita ce malalacin da ke kwafowa ya turo yadda ya samu, to za su rage masa aiki. Amma da na zauna na sauya wasu kalmomi, na haɗe jimloli biyu nan, na raba ɗaya can, sai alƙaluman suka fara rawa, ɗaya ta ce na mutum ne, ɗaya ta ce gauraye ne. Gajeren rubutu kuwa, kamar sakin layi ɗaya ko biyu, sakamakonsa bai da maraba da canki-canka. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin tun a Maris na 2023 masu bincike a Jami'ar Maryland, ƙarƙashin Soheil Feizi, suka nuna cewa sake fasalin jimloli da wata manhaja ya isa ya rikita mafi yawan masu gano rubutun na'ura.

Kuɓucewar mai laifi ba ta dame ni kamar kama marar laifi ba. A 2023 wasu masana a Jami'ar Stanford, cikinsu har da James Zou, sun gwada manhajoji bakwai a kan rubutun jarrabawar ƙwarewa a Turanci ta TOEFL guda 91 da ɗaliban da Turanci ba harshensu na gado ba ne suka yi. A matsakaici manhajojin sun ɗora wa fiye da kashi 60 cikin 100 na rubutun tambarin na'ura, kuma 89 daga cikin 91 ɗin akwai aƙalla manhaja ɗaya da ta zarge su, alhali rubutun yaran Amurka 'yan aji takwas ya wuce kusan lami lafiya. Abin dariya a ciki, da masanan suka sa ChatGPT ta ƙawata kalmomin waɗancan ɗalibai, zargin ya faɗo ƙasa da kashi 12. Wato na'ura ce ta wanke su daga zargin zama na'ura. Kamfanin OpenAI kansa, mai ChatGPT, ya fitar da tasa manhajar ta gano rubutun na'ura a ƙarshen Janairun 2023, ya amsa cewa kashi 26 kacal na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi, sannan ya janye ta a watan Yuli saboda rashin inganci. Jami'ar Vanderbilt ta kashe irin wannan ma'auni na Turnitin, manhajar gano satar fasaha, a Agustan shekarar, da lissafin cewa ko kuskuren kashi 1 ne, a cikin takardu 75,000 da ta tura a 2022 ana maganar kimanin 750 ke nan da za a zarga a banza. Marubucinmu da ke rubutu da Turancin da ya koya a aji, mai tsabta kuma marar ado, yana sahun waɗanda wannan kuskure ya fi faɗa wa.

Da na koma kan Hausa, nan ne lamarin ya watse gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin ukun ta ƙi karɓar rubutun, kuma na fi ganin mutuncinta a kan sauran biyun, waɗanda suka ba ni alƙaluma da cikakken ƙarfin hali. Na liƙa wani labarina da na rubuta da biro tun kafin a san da waɗannan na'urori, aka shafa wa rabinsa launin zargi. Na liƙa wanda na'ura ta rubuta da Hausa a gabana, aka ce na mutum ne. Dalilin a fili yake ga wanda ya fahimci ma'aunin, domin manhajar da aka horar da ita galibi a kan Turanci ba ta da mizanin da za ta gane kalmar da Bahaushe zai yi tsammani da wadda ba zai yi ba. Ko da ma an horar da ita, adabinmu yana da wata ɗabi'a da za ta ci gaba da ruɗa ta. Tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", tana rufewa da "ƙurunƙus", kuma littattafan soyayya cike suke da kalaman da kowa ya haddace, irin su yarinya wankan tarwaɗa, son kowa ƙin wanda ya rasa. Babu ba-zata a cikinsu ko kaɗan, amma gado ne, kuma ma'aunin da ke ɗaukar rashin ba-zata a matsayin laifi zai kama kakanninmu kafin ya kama kowa.

Abin da ya yi mini aiki a ƙarshe karatu ne a tsanake. Akwai labarai biyu da suka zo mana a kan jigo ɗaya, daren kai amarya. A na farko Hausar ba ta da aibu, kowane ƙ da ɗ yana wurinsa, abin da ba kasafai ake samu ba daga mai rubutu a waya. Sai dai uwar amarya ta kama hannun 'yarta ta fari a gaban mutane, ta kira sunanta na yanka, ta ce mata tana alfahari da ita kuma zuciyarta cike take da farin ciki da baƙin ciki a lokaci guda, sannan ta raka ta har ɗakin miji. Babu alkunyar ɗan fari, babu gwaggo ko inna da za ta yi nasiha, babu sayen baki. An sa wa wani tsoho karin magana a baki mai siffar karin magana, amma ban taɓa jin ta ba, dattawan da na tambaya ma ba su taɓa ji ba. Kowa a labarin yana faɗin abin da ke ransa daidai yadda yake ji, kuma aka rufe da kowa ya yafe wa kowa ya ɗauki darasi. Manhajoji biyu sun ce mutum ne ya rubuta.

A na biyu kurakuran rubutu sun yi yawa har sai da na yi tsaki. Uwar amarya ba ta ce uffan ba a labarin duka. Lokacin da motoci suka iso, ta shige madafi ta hau kankare tukunyar da aka riga aka wanke, kuma da ƙanwarta ta leƙo ta ce, "Yaya, za a tafi da ita," sai ta amsa da cewa a duba mata ko an mayar wa maƙwabta tabarminsu. Na kira marubuciyar na tambaye ta inda ta samo tukunyar. Ta yi dariya ta ce, "Malam, ai haka Innarmu ta yi ranar auren Yayata, har ƙasan tukunyar ya kusa hujewa." Shi kuwa mai labarin farko, da na tambaye shi dalilin da ya sa uwar ta bi amarya, sai ya ce bari ya duba ya kira ni, kuma daga baya ya janye labarin da kansa.

Ba na so in cika baki a kan idona, domin shi ma yana kuskure. Akwai matasan da suka tashi a kan fassararrun finafinai, waɗanda da hannunsu suke rubuta uwa mai furta wa 'yarta ƙauna a bainar jama'a, kuma na'urorin suna ƙara ƙwarewa a kowace shekara. Ga kuma rubutun haɗin gwiwa, wanda kashi cikin ɗari ba ya warware shi. A Janairun 2024 Rie Kudan ta lashe kyautar adabi ta Akutagawa ta Japan, ta kuma faɗa da bakinta cewa kimanin kashi 5 na littafin daga na'ura ta ɗauko shi, ba a kuma karɓe kyautar ba. Ko irin wannan ya halatta a gasa ko bai halatta ba, hukunci ne da masu gasar za su yanke su rubuta a ƙa'idojinsu, manhaja ba za ta yanke musu ba. Dabarar da ta fi kama da hujja ita ce ɓoyayyen tambarin da kamfani ke sakawa a cikin zaɓen kalmomin na'urarsa, kamar SynthID na Google da aka bayyana a mujallar Nature a Oktoban 2024, amma rubutun da ya fito daga na'urar da ke sa tambarin kaɗai yake ganewa, kuma fassara ko gyara mai zurfi na raunana shi.

Akwai wani abu da ban lura da shi ba sai a mako na uku: duk labarin da na liƙa, na miƙa wa wani kamfani a ƙetare aikin da mai shi bai buga ba, bai kuma ba ni izinin yin haka ba. Daga ranar na daina liƙa na kowa sai nawa. Duk editan da zai yi amfani da su ya karanta sharuɗɗansu a kan adana rubutu, ya kuma sanar da marubutansa tukuna.

Rahoton da na kai wa ƙungiya shi ne kada a biya. Mai tace dogayen rubuce-rubucen Turanci masu yawa zai iya amfani da na kyauta a matsayin ƙararrawar da za ta sa ya sake karatu, muddin bai tuhumi kowa da alƙalumanta ba. Ga labaran Hausa kuwa ban ga amfanin da za su yi mana ba a halin da suke yanzu. An amince cewa daga baɗi kowane marubuci zai turo labarinsa tare da daftarin farko, ko hoton takarda ne ko tarihin gyare-gyaren da ke cikin wayarsa, sannan waɗanda aka zaɓa za su zauna da mu minti goma su ba da labarin da baki. Kuɗin da aka so a ware wa manhajar an mayar da su kan takarda da ɗab'i.