Kejin bezbol ko na sofbol: wanne ya fi dacewa da sabon shiga?

Ɗan'uwa, ka ce tun zuwanka Amurka kana ganin wuraren da aka kewaye da raga, waɗanda ake kira keji, inda na'ura ke jefo ƙwallo mutum yana duka da kulki don nishaɗi, kuma ka tambaya ko kejin bezbol ya kamata ka fara shiga ko na sofbol, wato wasanni biyu masu kama da juna da ake dukan ƙwallo da kulki a cikinsu. Shawarata ita ce ka fara da sofbol mai tafiya a hankali.

Bambancin farko yana ga ƙwallon kansa. Kewayen ƙwallon bezbol kimanin inci 9 ne, na sofbol ɗin manya kuwa inci 12 ne, saboda haka ido ya fi saurin kama shi, kulki ma ya fi samunsa. Amma babban bambancin shi ne yadda ƙwallon ke zuwa. A kejin sofbol mai sannu, na'urar tana cilla shi sama ya yi baka kafin ya sauko gabanka, kana da sararin gyara tsayuwa da mayar da nauyinka kan ƙafar baya kafin ka kai duka. A kejin bezbol kusan a miƙe yake tahowa, kuma yawancin wuraren suna raba kejinan bisa gudu, daga kamar mil 40 a awa zuwa 70 ko 80. A filin wasa na gaskiya tazarar mai jifa da mai duka ƙafa 60 da inci 6 ce, wato mita 18 da 'yan kai, kuma ƙwallo mai gudun mil 60 ba ya cika daƙiƙa ɗaya kafin ya cinye ta. Tun da sau da yawa na'urar keji ta fi haka kusa, wanda bai saba ba yakan ƙare kuɗinsa yana dukan iska.

Duk da haka sofbol ba zai koya maka lokacin dukan bezbol ba, domin jiran ƙwallo mai saukowa daban yake da tarbar mai tahowa a guje. Idan hannunka ya faɗa, ka koma kejin bezbol mafi ƙarancin gudu, ka kuma duba irin na'urar da ke ciki. Akwai mai hannun ƙarfe, irin Iron Mike da ta fito a shekarun 1950, wadda ake ganin hannunta yana juyowa kamar na mutum, don haka za ka iya kintatar lokacin da za ta saki ƙwallo. Akwai kuma mai tayoyi masu juyawa, wadda ƙwallo ke kufcewa daga tsakaninsu ba shiri. A ganina ta farkon ta fi alheri ga mai koyo. Ko ba komai, dukansu sun fi wadda Charles Hinton, malamin lissafi a jami'ar Princeton, ya ƙera a 1897, wadda da albarushi take harba ƙwallo.

Ta fuskar kuɗi babu wani bambanci mai yawa, domin yawanci adadin jifa ko lokaci ake biya. Ko wanne ka shiga, ka sa hular kwano, ka zaɓi kulki marar nauyi, ka nemi safar hannu saboda bororo, sannan kada ka taka tsakiyar keji sai ka tabbatar na'urar ta daina jifa.