Forever Young ko Afternoons in Utopia: da wanne za a fara?

Ƙungiyar mawaƙa ta Alphaville, 'yan garin Munsta na Jamus ta Yamma, ta fitar da kundinta na farko, Forever Young, a 1984. Kusan duk kiɗan cikinsa da na'urorin lantarki aka haɗa shi, muryar mawaƙin ƙungiyar, Marian Gold, kuma tana tashi sama har tsigar jiki ta tashi. Waƙar "Big in Japan" da ke cikin kundin ta hau matsayi na ɗaya a Jamus. Ita kuwa waƙar da kundin ya ci sunanta, wadda ta taɓo fargabar yaƙin nukiliya ta wancan zamani, ta ƙi tsufa: a 2009 ma mawaƙin Amurka Jay-Z ya gina tasa a kanta.

Kundi na biyu, Afternoons in Utopia, ya zo a 1986, bayan makaɗi Frank Mertens ya bar ƙungiyar, Ricky Echolette ya maye gurbinsa. An gayyato baƙin makaɗa da yawa, sauti ya yi kauri, waƙar "Dance with Me" ta samu karɓuwa, amma kasuwar kundin ba ta kamo ta na farko ba.

Ni dai na farkon nake miƙa wa sabon mai sauraro. Na biyun yana son haƙuri, sai an ji shi sau biyu ko uku kafin daɗinsa ya fito.