Hajiya, gyaran tsohuwar waya ko sayen wata? Ga yadda na auna su

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hajiya ta yi tambaya jiya da dare, ta ce wayarta Android ce ta kai shekara 4 hannunta, kullum tana rubuta mata memwar ta cika, batir ba ya kai azahar, ga shi da ita take saida atamfa da leshi ta WhatsApp, to ta kai gyara ne, ko ta sayi sabuwa, ko ta amshi iPhone okaziyon da wani ya yi mata tayi. Na ga mutane da yawa sun ce sayi sabuwa kawai. Ni dai Hajiya ina roƙonki kar ki hidda kuɗɗin jari tukuna sai kin leƙa cikin wayar kin ga abu ukku: lambar Android ɗinta, RAM nawa gare ta (ita ce ƙwaƙwalwar da waya ke tafiyar da manhajoji da ita), da girman memwar. Duk suna cikin Paramètres, can ƙasa wurin da aka rubuta bayanin waya, ko yaron gida ya iya nuna miki.

Mu hwara da gyara, don nan ne mutane suka hi yin asara ba su sani ba. Batir abu ne mai ƙarewa kamar tayar babur, ko ba a yi mishi komi ba bayan shekara biyu ukku sai ya rage riƙo, zahi kuma shi ne babban maƙiyinshi, to ki duba zahin Maraɗi watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ga waya a sharji ana kallon bidiyo da ita saboda ana gudun kuran ya ɗauke, dole ya gaji da wuri. Idan batir ne kaɗai matsala a canza shi wajen mai gyaran da kika yarda da shi, ki tsaya ki ga wanda za a sa miki da idonki. In kuma kika ga bayan wayar ya ɗago ko ekaran ya turo waje to batir ya kumbura, wannan kar ki ƙara sa shi a wuta ko sau guda, yana iya kamawa.

Maganar memwar kuwa, wallahi mafi yawan lokaci ba wayar ba ce, WhatsApp ne. Duk wokal da bidiyon biki da wa'azi da aka turo cikin gurup yana sauka ya zamna. Ki shiga WhatsApp, Paramètres, Stockage et données, Gérer le stockage, zai jero miki duk abin da ya wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa, ki share. Cikin Stockage et données ɗin kuma ki kashe saukar bidiyo da kanshi, ko forfe ɗinki na Airtel ko Zamani ko Moov ma zai hi daɗewa. Hotunan kaya ki maida su kan kart memwar, ki cire Facebook babba ki sa Facebook Lite, ki cire duk manhajar da kika yi wata ukku ba ki buɗe ba. Na yi ma yayata haka kahin sallar layya, waya da ta ce ta mutu har yanzu da ita take aiki.

Amma hwa gyara na da iyaka. In RAM giga 1 ko 2 ne, memwar giga 16, ko an share yau sati biyu ta sake cika, don manhajojin kansu ƙara nauyi suke duk mizajur. Kuma WhatsApp tun Oktoban 2023 ya daina aiki a Android ɗin da ke ƙasa da 5, haka suke yanke tsohin wayoyi lokaci lokaci. Irin wagga waya sa mata sabon batir zuba kuɗɗi ne cikin rijiya, gara a tara a sayi wata.

To sabuwa ko okaziyon? Tecno da Infinix da itel duk kamfani guda ke yin su, Transsion na birnin Shenzhen a Caina, shi ya sa kayan gyaransu ba su wuyar samu nan babbar kasuwa, balle Katsina ko Farm Centre ta Kano. Suna ɗaukar layi biyu, batir babba, da yawa 5000 mAh, kuma sabuwa tana zuwa da garanti in kin amshi takarda kin ajiye. Abin da zan ce ki riƙe shi ne kar mai shago ya ruɗe ki da yawan idon kamera, ki biɗi RAM giga 4 na gaske zuwa sama da memwar 128, don wani lokaci a kwali za ki ga 4+4, rabin na biyun aro ne daga memwar, ba ya gudu kamar na ainihi. Samsung ma ki duba, wajen daɗewa ana turo mizajur sun hi ƙoƙari, wayarsu A16 sun yi mata alkawalin shekara 6.

iPhone okaziyon gaskiya hotonta na da kyau, launin atamfa na hita yadda yake, ga mai saida kaya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ba ta da wurin kart memwar, tsohin da yawa layi guda suke ɗauka, batir ɗinta ya riga ya sha aiki hannun wani, ki sa a nuna miki lahiyar batir cikin Réglages, in ya yi ƙasa da kashi 80 canji na jiranki. Wadda ta hi komi haɗari ita ce mai iCloud ɗin tsohon mai ita, wato asusunshi na Apple da ke ɗaure da wayar, in bai cire ba ranar da aka goge ta sai ta kulle, ba mai gyaran da zai buɗe miki ta hanyar halal. iPhone 6 da 5s kuma WhatsApp ya bar su tun 2025, ko kyauta aka ba ki ba za ta yi miki kasuwa ba. Sannan ajiyar hirarki da ke Google Drive ba ta sauka kan iPhone kai tsaye, sai an bi wata hanya daban, ke kuma duk lissahin masu bashi yana cikin hirar nan.

Ko wace kika zaɓa, kahin ki ba da tsohuwar ki yi ajiyar WhatsApp, ki rubuta adireshin Gmail da kod ɗinshi a takarda, ki hita daga manhajar Nita ko Amana in kina da su. In kuma GB WhatsApp gare ki, wato na jabun nan, don Allah ki koma na asali, masu WhatsApp suna rufe lambar mutum saboda shi, lambar da kwastomominki suka sani.

Ni in wayar na da RAM 3 ko 4 zan canza batir in share ta in ƙara shekara guda, in ba ta kai ba zan ɗauki sabuwar Android in bar iPhone ɗin. Turo mana hoton shafin bayanin wayar Hajiya mu gani.